Sabi'u Dogo, Mai Jifa Daga Kan Gawayi

A unguwarmu ta Gumel ba a aron tsani, Sabi'u ake kira. Kaza ta haye rufin ɗaki ta ƙi sauka, a kira Sabi'u. Iska ta ɗora zanen wata a kan darbejiya, a kira Sabi'u. Mutum ne da in zai shiga keke napep sai ya naɗe kansa gida uku kamar tabarma, gwiwoyinsa suna gaisawa da kunnuwansa. An ce dogo da hankali dace ne. To shi dai nasa hankalin yana nan, sai dai tafiya ce mai nisa daga ƙafa zuwa kai, kafin saƙo ya isa an sha jira.

Sana'arsa leburan ginin ƙasa. Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu yake bin Magini Hussaini ƙauyukan Gagarawa da na Sule Tankarkar. Aikinsa ɗaya ne: magini yana zaune a kan katanga, shi yana ƙasa yana cura kwaɓaɓɓiyar ƙasa yana jefa masa sama. Kada ka raina jifan nan. In ka gaza, curin ya dawo maka a ka. In ka zarce, ya faɗa tukunyar matan gida. In ka sa ƙarfi, ka turo magini ƙasa. Shi kuwa Hussaini ba ya koyarwa da baki, da tubali yake koyarwa. Ka ɓata jifa, ya sako maka busasshe a ƙeya, ya ce sannu. Har gobe in Sabi'u ya yi aski ana ganin karatun da ya yi. A haka hannunsa ya faɗa, curi ya tashi a hankali, ya yi baka, ya sauka a tafin magini kamar miƙa masa aka yi.

Wanda ya jawo masa fitina shi ne Malam Aminullahi, tsohon malamin motsa jiki da ya yi ritaya ya rasa inda zai kai usur ɗinsa. Ya haɗa ƙungiyar ƙwallon kwando a wani filin siminti da ke bayan tsohuwar makaranta, zobe biyu, ɗaya ya karkace, raga kuwa babu ko ta rantsuwa. Wata rana ya hango Sabi'u zai wuce, duk jikinsa laka.

"Kai, samari! Duk wannan tsawon na sauko da kaji ne? Zo nan."

Ya kama hannunsa ya kai shi ƙarƙashin kwando ya dasa shi. "Ka tsaya nan kamar giginya. Duk abin da ya faɗo naka ne."

Abin da Malam bai gaya masa ba, ba ƙwallo kaɗai ke faɗowa a wurin ba. Ƙarƙashin kwando a ƙasarmu mahauta ce. Alƙalin wasa ba ya busa sai ya ga jini, in ya gani ma sai ya tsaya tambayar na wane ne. Gajeru da ba sa iya kai wa dogo a sama, a ƙasa suke biyan buƙatarsu: a taka ɗan yatsa, a soka gwiwar hannu a haƙarƙari, a ja wando. Shekarar farko Sabi'u ya bar haƙori biyu a filin. Ta biyu aka kwantar masa da hanci gefe guda, har yau in yana kallon gabas hancin yana gaida arewa. Amma yana cin ƙwallo, ana ihun sunansa, shi kuwa abinka da wanda bai saba jin an kira shi don wani abu ban da kaza ba, sai abin ya shiga ransa.

A shekara ta biyar, a wasa da 'yan Gagarawa, ya yi tsalle ya cafe ƙwallo, yana saukowa wani yana tashi da tsinin gwiwar hannu. Suka haɗu a idonsa na hagu. Waɗanda ke kusa sun ce ƙarar kamar an taka ƙwai. Ya zube yana birgima, jini da wani farin ruwa suna bi ta tsakanin yatsunsa. Aka kwashe shi sai Kano. Likita ya duba ya ce wannan kam ya tafi. Ya haska na daman da 'yar fitila, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce shi ma ya girgiza.

"Ka riƙe shi da kyau. Wani bugu irin wannan a kansa, to sai sanda."

Da ya dawo gida, matarsa Adawiyya ba ta yi kuka ba. Ta sauke 'yarsu Munira daga baya, ta ɗauko wuƙar yanka kubewa, ta jawo ƙwallonsa daga ƙarƙashin gado ta soka mata sau uku a gabansa.

"Baban Munira, ni mai ido biyu na aura. An ci mini rabi na haƙura. In ka kai musu ɗayan, wallahi ba zan koyi jan sanda da girmana ba."

Ya yi shekara guda bai leƙa fili ba. A wurin gini ma abin ya so ya gagare shi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ashe biyu ake nufi. Guda ɗaya bai san nisa ba. Ranar da ya koma aiki, curin farko ya samu Hussaini a ƙirji, saura kaɗan a yi jana'iza. Tsohon ya sauko, kowa ya zaci tubali zai nema. Sai ya kama Sabi'u ya jingina shi da katanga.

"Taka. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Tsaya." Ya ɗauki gawayi ya zana masa da'ira a ƙasa. "Kullum daga nan. Ido ya manta, hannu bai manta ba. Kada ka sake ka yi jifa daga inda ba ka auna ba."

Ai kuwa curi ya koma sauka a tafi. Kuma wannan dabarar ce ta mai da shi fili, don mai hali ba ya fasa halinsa. Ya je ya sami Malam Aminullahi ya ce zai dawo, amma ƙafarsa ba za ta ƙara tsallake layin uku ba, wato babban bakan nan da in ka jefa daga bayansa ake ba ka maki uku. Ya tsaya ƙarƙashin zobe ya auna da ƙafa, ya zana gawayi wuri uku a bayan layi: biyu a ɓangaren hagu, inda duk filin ke faɗowa a idonsa mai gani, ɗaya a tsakiya. Ɓangaren dama kuwa ya bar wa aljanu. Adawiyya ta yi kwana huɗu ba ta sa masa nama a miya ba, daga baya ta ce to, bayan layi dai, bayan layi.

Mutanen gari suka samu abin yi. Dogo guda, mafi tsawo a ƙananan hukumomi huɗu, ya bar ƙarƙashin kwando ya koma can waje wurin yara gajeru! Wasu suka ce raƙumi ne ke tsoron akuya. Wasu suka ce tsawon ma asara ne, da an yanke an raba wa mabuƙata. Sai dai ƙwallo tana tashi daga hannunsa a hankali, ta yi baka, ta faɗa zobe ko ƙarfe ba ta taɓa ba. Sau ɗaya, sau biyu, sau bakwai a wasa guda. Bakin mutane ya mutu, aka koma kiransa Mai Gawayi.

Malam Aminullahi shi kaɗai bai gamsu ba. Kullum bayan atisaye sai ya tsare shi.

"Sabi'u, dogo a waje abu uku gare shi. Mai tsaronka ya ja da baya, jefa, hannunsa ba zai kai ba ko ya hau kujera. Ya rugo maka, ka wuce shi. Biyu suka zo maka, to akwai naka guda da ba kowa a kansa, juya kai ka nemo shi."

"Malam, na ɗaya da na uku na karɓa. Na biyun nan a kai kasuwa."

"Ban ce ka je har gindin kwando ba. Taku ɗaya, ka tsaya, ka jefa."

"Taku ɗaya gaba babu gawayi, Malam."

"To na ukun ma ai ba yi kake ba. Wuyan nan naka kamar muciya, ba ka juya shi. Duk wanda ke hagunka ya mutu a wurinka."

Sabi'u ya yi dariya da giɓinsa ya ce zai gyara. Bai gyara ba.

Bara waccan wani attajirin hatsi ya sa kofi da bijimi, aka yi gasar garuruwa huɗu. Gumel ta fitar da Sule Tankarkar, Maigatari ta fitar da Gagarawa, aka sa wasan ƙarshe ranar Asabar bayan la'asar a Maigatari. Shekara uku ke nan 'yan Maigatari suna cin mu, kuma duk Alhamis mutanenmu da ke zuwa kasuwarsu ba sa sayen komai sai an haɗa musu da gori kyauta. Don haka ranar mota shida aka cika, har kan rufi, wasu da gora wai ta korar karnuka ce.

Mutum biyu ne abin tsoro a cikinsu. Akwai Sajo, ƙaton da ke tsaron ƙarƙashin kwandonsu, wanda aikinsa murɗa wutsiyar bijimi ya tura shi cikin tirela. Akwai kuma Mannir, mai kora shanu a kara, wato kasuwar dabbobi, gajere dunƙulalle, wuya da kai duk ɗaya. Shi aka ɗora wa Sabi'u. Kansa iyakar cibiyar Sabi'u ya tsaya.

Kafin a fara Sabi'u ya auna filinsu da ƙafa ya zana gawayinsa, 'yan Maigatari suna dariya wai bokan Gumel ya zo da aiki. Aka busa. Mannir ya tsaya nesa kaɗan yana jiran dogo ya taho ciki kamar kowane dogo. Sabi'u ya taka gawayi ya saki. Ta shiga. Ya sake, ta shiga. Kafin hutun rabin lokaci ya zuba biyar, Gumel tana gaba da takwas, mutanenmu har sun fara gardamar yadda za a raba bijimi.

Mannir gajere ne amma ba yaro ba. Ana hutu ya karɓi butar wani, ya bi da'irorin nan ɗaya bayan ɗaya yana zuba ruwa yana murzawa da takalmi. Sabi'u ya taso zai sake awo, sai ruwan duwatsu da ledojin ruwa daga 'yan kallo, wani dutse ya fasa wa mai riƙe mana jaka goshi. Alƙali ya busa ya ce a ci gaba, nan ba wurin gini ba ne. Abin dariya, jiƙar da Mannir ya bari ita ta zama alama, Sabi'u ya taka danshi ya ƙara zuba guda. Amma simintin Maigatari da rana ko minti biyar bai ba ruwan ba. Fili ya bushe tas, ko'ina ya zama ɗaya.

Daga nan Mannir ya manne masa kamar kaska.

"Dogo, ina zanen naka? Yau za ka buga balo irin na maza."

Ya taka masa babban yatsa har farce ya ɗaga. Ya zuba masa gwiwar hannu a mara. Duk wannan Sabi'u ya saba, abincinsa ne na da. Sai Mannir ya gano inda ciwon yake. Da zarar ƙwallo ta zo hannun Sabi'u, ba ya bin ƙwallon, sai ya yi tsalle da yatsu biyu a miƙe yana neman idon dama. Na farko ya wuce ta kunne. Na biyu farce ya tsaga gira, jini ya gangaro cikin idon, duniya ta koma ja. Sabi'u ya saki ƙwallo ya dafe fuska. Yazid, ɗan wasanmu mai tsayawa a kusurwa, ya zo da gudu ya ɗauke Mannir da mari, Sajo ya ɗaga Yazid ya maka da ƙasa, 'yan benci suka shigo, aka yi minti goma ana raba mutane. Alƙali ya duba jinin, ya tabbatar na Gumel ne, ya ce a ci gaba.

Malam Aminullahi ya wanke masa girar ya ɗaure da tsumma.

"Sabi'u, idonka ne, ba na Gumel ba. In za ka fita, fita, ba wanda zai ce maka komai."

Wannan kam Malam ya yi ƙarya, don a bayansa mutum ɗari ne ke ihu, "Mai Gawayi! Mai Gawayi!" Sabi'u ya ji zuciyarsa tana cewa zauna. Ya tuna fitilar likita. Ya kuma dubi mutanen unguwarsu da suka hau rufin mota saboda shi. Kunya ta fi tsoro nauyi, ya miƙe.

"To in ka koma, ka juya wuyan nan," in ji Malam. "Sun bar Yazid, kai suke bi."

Ya koma, amma rabin mutum ne ya koma. Ko Mannir ya ɗaga hannu don sosa kai, sai Sabi'u ya kau da fuska. Jifa uku ya yi, ɗaya ta gaza, biyu suka daki allo. Takwas ɗin nan ta narke. Da mai riƙe da lokaci ya ɗaga waya ya ce saura daƙiƙa goma, Maigatari na da arba'in da bakwai, Gumel arba'in da shida, ƙwallo a hannunmu.

Aka miƙo wa Sabi'u a tsakiya, bayan layi, kusa da inda gawayinsa yake ɗazu. Mannir ya taho a guje ya tashi sama gaba ɗayansa, yatsu a gaba. Sabi'u ya sunkuya, ba dabara ba ce, tsoro ne, amma ta yi aikin dabara. Mannir ya wuce ta kafaɗarsa ya faɗi da haɓa a siminti, ji kake ƙwas.

Ga Sabi'u shi kaɗai, ƙafa a dashe, ba kowa a gabansa. Da ya saki daga nan, ko babu zane, hannu ya san wurin. Mai tsaron Yazid kuma ya baro shi ya taho, Yazid yana kusurwar hagu shi kaɗai kamar maraya, yana ɗaga hannu yana ihu har muryarsa ta dishe. Da ya juya wuya kaɗan, da ya gan shi. Amma hagu ce, kuma 'yan Gumel sun cika duniya da "Shiga! Shiga! Hanya a buɗe!"

Saƙo ya taso daga ƙafa, bai kai ga kai ba ƙafar ta yanke hukunci. Sabi'u ya tsallake layin da ya yi shekara shida bai tsallake ba. Taku ɗaya, taku biyu. Sai ga Sajo ya fito daga ƙarƙashin kwando, gwiwar hannu a ɗage daidai tsayin ido. Sabi'u ya ga tsinin nan yana tahowa, ya ci birki. Bai shiga ba, bai tsaya a waje ba, bai miƙa ba. Ya runtse idon ya wurga ƙwallo daga inda bai taɓa aunawa ba tun da aka haife shi. Ta tashi ta haye allo, ta haye 'yan kallo, ta sauka a ƙwaryar wata mai fura.

Usur ya tashi.

'Yan Maigatari suka yi wajen bijimi. 'Yan Gumel suka yi wajen Sabi'u. Na farko ya same shi da gora a gadon baya, na biyu ya kwashe masa ƙafafu. Dogo in zai faɗi sai an jira, amma ya faɗi. Kafin ya kai ƙasa ya riga ya san abin da zai yi. Ya ɗora tafin hagu a kan idon, ya ɗora na dama a kai, ya kifa goshi a siminti, ya bar musu sauran.

"Matsoraci! Dogon banza!"

"Hanya a buɗe, ka tsaya kana rawa!"

"Ka kashe mu a garin mutane!"

Takalma suka sauka a haƙarƙari, ya ji ɗaya ya ba da ƙara, ya ji na biyu. Wani ya dake shi a ƙeya da bencin katako. Wani ya kama wuyan hannunsa yana ja wai sai ya ga fuskar marar kunya, hannun ya ƙi tasowa kamar an gina shi a wurin. Da ja ya gagara sai aka koma taka. Dunduniyar takalmi ta sauka a bayan yatsunsa, ta sake sauka, yana jin suna karyewa ɗaya-ɗaya kamar karan dawa. Bai yi ihu ba, bai ɗaga ba. Malam Aminullahi ya faɗa kansa don ya kare shi, aka yar da tsohon gefe, usur ɗinsa a baki.

Wanda ya kawo ƙarshen abin, Mannir ne. Ya taso da haɓa a fashe, ya fizgi sandar kiwo a hannun wani, shi da Sajo suka shiga 'yan Gumel kamar sun shiga garke.

"Ku matsa, 'yan iska! Mu da muke gaba da shi ma ba mu yi masa haka ba!"

Aka dare. Aka ɗauki Sabi'u aka shimfiɗa a bayan akori-kura, ƙafafu suna lilo a waje. Har Gumel hannuwansa suna kan fuska. Malam ya yi lallashi, direba ya yi, ya ƙi. Shi kansa bai san abin da ke ƙarƙashin hannun ba, kuma ba ya son ya sani a kan titi.

Ana kiran magariba aka shigar da shi gida. Adawiyya ta dubi yatsun da suka kumbura suka karkace kowanne da alƙiblarsa, ta dubi rigar da ta rine. Ta durƙusa a gabansa.

"Baban Munira, buɗe."

"Ina tsoro."

"Ni ma. Buɗe."

Hannuwan sun sandare, sai da ta ɗaga su da kanta, yana nishi. Ta goge busasshen jinin da bakin zanenta. Fatar idon ta motsa, ta buɗe. Ya daɗe yana kallonta.

"Ɗankwalinki a karkace yake," in ji shi.

Ta ɗaga hannu za ta kai masa duka, ta duba sama da ƙasa ta rasa wurin da ya rage, sai ta zauna ta fashe da kuka.

Washegari aka kai shi wurin mai ɗori a Sule Tankarkar: yatsu biyar, haƙarƙari biyu. Ihun da bai yi a Maigatari ba a can ya biya shi duka, har awaki suka tsinke. Uku daga yatsun sun ɗoru a karkace, hannun jifa ya tafi ke nan, na kwando da na gini duka.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa. Duk wanda ya hau motocin nan shida ya zo, wani da lemo, wani da ƙwai, kowa yana Allah wadai da marasa imanin da suka yi wannan aiki. Shi kuwa Sabi'u bai ga ko mutum ɗaya ba ranar, ido a rufe aka yi komai. Bai san wanda ya kawo gora ba, bai san mai dunduniya ba. Don haka kowa ya shigo ya ce sannu, sai ya amsa da yauwa, ya kafa masa idon nan guda, ba ƙiftawa, ba magana. Daga mai lemo har mai ƙwai, ba wanda ya iya kai minti biyu bai sunkuyar da kai ya ce bari ya je ana jiransa ba.